Inci Biyu A Cikin Bututun Bindiga: Abin Da Ke Sa Harsashi Alkafura

Cikin shekara ta 1963 aka kai wa Sakataren Tsaro na Amurka, Mista Robert McNamara, wata magana wadda wanda bai san kan al'amarin ba zai ce ba ta isa ta hau teburin babban mutum irin wannan ba. Maganar kuwa ta inci biyu ce kacal a cikin bututun wata sabuwar bindiga da a ke shirin saya wa sojojin ƙasar, watau wadda daga baya duniya ta sani da suna M16. Wasu hafsoshi sun dage a kan cewa in ba a yi gyaran inci biyun nan ba, harsashin bindigar zai riƙa kauce wa hanya a ƙasashe masu tsananin sanyi. Wasu kuma suka ce in aka kuskura aka taɓa su, to, an kashe wa bindigar kaifi. Sakataren ya amince aka yi gyaran, amma gardamar da ta biyo baya ta yi fiye da shekara ashirin ba ta kwanta ba.

Domin a gane abin da ya haɗa manyan soja faɗa a kan abin da bai kai tsawon ɗan yatsa ba, sai an fara leƙa cikin bututun bindiga tukuna.

MURƊIN CIKIN BUTUTU

Bindigar gargajiya ta maharbanmu, da bindigar nan mai baki biyu ta harbin tsuntsaye, duk cikinsu sumul ya ke kamar bututun famfo. Amma in aka cire harsashi daga bindigar soja, aka ɗaga bututunta wajen haske, za a ga waɗansu tsagogi sun taso daga gindi suna murɗawa har baki, kamar tufkar igiya. Da gangan a ke ƙera ƙwayar harsashi ta ɗan fi ramin bututun kauri, saboda in albarushi ya kama ya tunkuɗo ta, tsagogin su cije jikinta su tilasta mata juyawa. Tun wajen shekara 500 da suka wuce maƙeran ƙasashen Jamus suka san wannan dabara.

Yadda a ke auna murɗin shi ne a duba inci nawa harsashi zai yi tafiya a cikin bututu kafin ya kammala juyi guda. In an rubuta 1:12, ana nufin juyi ɗaya cikin inci 12. In an rubuta 1:7, juyi ɗaya ke nan cikin inci 7. Watau gwargwadon ƙanƙantar lambar ta biyu, gwargwadon tsananin murɗin da saurin juyawar harsashi. To, bindigar da aka kai maganarta gaban Mista McNamara da 1:14 aka fara ƙera ta, gyaran kuwa shi ne a mai da ita 1:12.

Mai karatu ya iya tambaya, me ya sa lalle sai harsashi ya juya? Kibiya ba ta juyawa irin haka, amma tana tafiya sak, domin nauyinta na can gaba wajen ƙarfen, kyauron da ke baya kuwa ba shi da nauyi, iska na daidaita shi. Harsashin zamani akasin haka ya ke: gabansa siriri ne mai tsini, nauyinsa ya taru a gindi. Da ya fita daga bakin bindiga sai iska ta tokare masa hanci, tana neman ta birkice shi gindi ya koma gaba. Abin da ke hana ta shi ne juyawar nan. Duk wanda ya taɓa kallon mazarin tsohuwa ko koɗin da yara ke murzawa ya ga wannan da idonsa: muddin yana juyawa da ƙarfi a tsaye ya ke ƙyam, da saurin ya ragu sai ya soma layi, daga nan ya faɗi. Kuma gwargwadon tsawon abu da sirantarsa, gwargwadon saurin da ya ke bukata kafin ya tsaya da ƙafarsa.

Saurin da a ke magana a nan ba ƙarami ba ne. Harsashin farko na M16 yana barin bakin bindiga da gudun ƙafa 3,250 ko kusa da haka a cikin daƙiƙa guda. A bututu mai murɗin 1:14 zai riƙa juyawa sau 167,000 a minti ɗaya, a mai 1:12 kuwa sau 195,000. Bambancin juyi 28,000 a kowane minti, shi ne abin da inci biyun nan suka ƙunsa.

DARASI DAGA INGILA

Tun kafin a haifi waɗanda suka ƙera M16, Turawan Ingila sun ci karo da wannan al'amari. Bindigar sojansu ta Enfield ta shekarar 1853 tana da faffaɗan rami na inci 0.577, da lallausan murɗi na juyi ɗaya cikin inci 78, domin harsashinta gajere ne mai ƙiba. Wani shahararren injiniya na birnin Manchesta, Joseph Whitworth, ya tsuke ramin zuwa inci 0.451, ya bar nauyin harsashin kusan yadda ya ke. Da dalmar ta rasa wurin faɗi sai ta koma tsawo, shi kuwa Whitworth ya gane cewa dogon harsashi ba zai tafi daidai ba sai da murɗi mai tsanani, saboda haka ya sa juyi ɗaya cikin inci 20. Da aka gwada bindigogin biyu cikin 1857, tasa ta yi wa Enfield fintinkau a harbin nesa. Da irinta ce Sarauniya Biktoriya ta buɗe gasar harbi a Wimbildon cikin 1860, daga nisan yadi 400. Duk da haka rundunar Ingila ba ta ɗauke ta ba, saboda tsada da saurin cushewa da tokar albarushi.

Cikin 1879 wani malamin lissafi da ke koyar da hafsoshin igwa a Woolwich, Alfred George Greenhill, ya mai da abin ƙa'ida mai sauƙi wadda har yau ana amfani da ita. Ga yadda ta ke: a ninka kaurin harsashi da kansa, abin da aka samu a ninka shi sau 150, sa'an nan a raba da tsawon harsashin, duk da awon inci. Amsar ita ce inci nawa ya kamata juyi guda ya ci. Daga baya masana suka ce in gudun harsashi ya haura ƙafa 2,800 a daƙiƙa, a sa 180 maimakon 150.

Abin lura a ƙa'idar Greenhill shi ne, tsawo da kauri ne ginshiƙanta. Mutane da yawa kan ce harsashi mai nauyi ne ke bukatar murɗi mai tsanani. Maganar tana da ƙamshin gaskiya ne kawai domin in kauri ɗaya ne, wanda ya fi nauyi galibi shi ya fi tsawo. Amma asalin mai laifin tsawo ne.

SANYI YA TONA ASIRI

Bindigar M16 ta samo asali ne daga AR-15, wadda Eugene Stoner da abokan aikinsa suka ƙirƙiro a kamfanin ArmaLite, kafin a sayar wa kamfanin Colt da ikon ƙera ta cikin 1959. Harsashinta an ciro shi ne daga wani ƙaramin harsashi na harbin ƙananan dabbobi mai suna .222 Remington, kuma da shi aka gado murɗin 1:14. Wannan murɗi ya wadaci gajerun ƙwayoyin da maharba ke amfani da su. Amma ƙwayar da aka zaɓa wa soja, mai nauyin giram uku da rabi, ta ɗan fi su tsawo saboda an tsuke mata gindi domin ta ratsa iska da sauƙi. Kaurinta inci 0.224 ne, tsawonta kuwa wajen inci 0.75. In aka bi ƙa'idar Greenhill da lamba 180, amsar da za ta fito 12 ce. Watau tun ran farko murɗin 1:14 a bakin gaɓa ya ke tsaye.

A ƙasa mai zafi ba a ga illar ba. Cikin 1962 aka aika da bindigogi 1,000 zuwa Biyetnam ta Kudu domin gwaji, rahotannin da suka dawo kuwa sai yabo. Amma dokar rundunar Amurka ita ce makami ya yi aiki har a sanyin da ya kai digiri 54 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyas, domin suna da sojoji a Alaska, kuma suna shirin ko-ta-kwana da Tarayyar Sobiyet. Iska in ta yi sanyi takan cure ta yi kauri. A irin wancan sanyi kaurinta ya fi na rana mai matsakaicin yanayi da kusan kashi ɗaya cikin uku, ƙarfin da ta ke tokare hancin harsashi da shi ma haka zai ƙaru. Da aka yi gwaji a cikin sanyi sai harsashin ya soma layi, harbi ya warwatse. Dalilin gyaran 1963 ke nan.

Masu sukar gyaran suna da tasu hujja. Sun ce munanan raunukan da aka ba da labari daga Biyetnam sun samu ne domin harsashin da ma da ƙyar ya ke tsaye, da ya taɓa jiki sai ya birkice. In aka ƙara masa juyi zai ratsa ya wuce kamar allura. Wani ɗan jarida, James Fallows, ya sake ta da wannan magana cikin 1981, ya lissafa ta cikin ɓarnar da ya ce manyan jami'ai sun yi wa bindigar. Amma binciken da wani likitan soja, Dokta Martin Fackler, ya yi cikin shekarun 1980 ya nuna wani abu dabam. Tsokar jiki ta fi iska kauri wajen sau 800, saboda haka babu wani murɗi, ko 1:14 ko 1:12, da zai iya riƙe dogon harsashi a miƙe a cikinta. Murɗi da iska ya ke kokawa, aikinsa kuma a iska ya ke ƙarewa.

Ya kamata a bambanta wannan da wata matsala da ta fi ta muni, watau yawan cijewar da M16 ta riƙa yi a fagen fama, har sojoji suka rasa rayukansu da bindiga a hannu. Kwamitin majalisar wakilan Amurka da ya binciki abin cikin 1967 ya ɗora babban laifin a kan sauya irin albarushi da rashin kayan goge bindiga. Wannan ba ruwansa da murɗi.

DAGA 12 ZUWA 7

Cikin 1980 ƙungiyar tsaro ta NATO ta zaɓi wani sabon harsashi mai suna SS109, ƙirar kamfanin FN na ƙasar Beljiyam, ya zama na bai ɗaya ga ƙasashenta. Kaurinsa ɗaya da na da, yana shiga bindiga ɗaya, nauyinsa giram huɗu. Amma an sa masa ɗan ƙarfe mai tauri a hanci domin ya huda hular kwano daga nesa, ƙarfe kuwa bai kai dalma nauyi ba, saboda haka ƙwayar ta miƙe zuwa wajen inci 0.9. Murɗin 1:9 ya ishe ta. Sai dai tana da ɗan'uwa, harsashin nan mai barin wutsiyar wuta da dare domin a ga inda harbi ke sauka, wanda tsawonsa ya haura inci guda saboda sinadarin da aka ɗura masa a gindi. Dominsa ne aka tsananta murɗin zuwa 1:7 a sabuwar bindigar M16A2, wadda aka amince da ita cikin 1982.

Daga nan sai wani hatsari ya ɓullo. Sabon harsashin yana shiga tsohuwar M16A1 mai murɗin 1:12 lafiya lau, yana kuma tashi in an ja kunama, amma da ya yi ɗan nisa sai ya fara alkafura. Littattafan horon sojan Amurka sun yi kashedi kada a haɗa su sai in ba makawa, shi ma a harbin da bai wuce kimanin yadi 100 ba. Tsohon harsashin kuwa, in an sa shi a sabuwar bindiga, yana tafiya ba matsala. Wannan ya nuna cewa gara juyi ya ɗan yi yawa da ya gaza.

Su ma 'yan kasuwa sun ɗanɗana kuɗarsu. Cikin 1955 kamfanonin Remington da Winchester suka fito da harsasan farauta masu kauri ɗaya. Remington ya sa wa bindigarsa ta .244 murɗin 1:12, Winchester ya sa wa .243 murɗin 1:10. Maharban barewa suna son doguwar ƙwaya mai tsini mai nauyin giram shida da rabi, wadda ta Winchester ke riƙewa, ta Remington kuwa ba ta iyawa sosai. Kasuwa ta koma wajen Winchester. Sai cikin 1963 Remington ya sake wa harsashin suna zuwa 6mm Remington tare da murɗin 1:9, amma kafin nan bakin alƙalami ya riga ya bushe.

YADDA A KE GANO CUTAR

Ga jami'in da ke kula da ma'ajiyar makamai, ko mai gadin gandun daji, ko maharbi mai lasin, shaidar farko tana jikin takardar da aka harba. Harsashi mai lafiya rami ya ke bari zagayayye. In ramin ya yi siffar ƙwai, harsashin layi ya ke yi. In kuwa ya fito dogo kamar kafar makulli, har ana ganin siffar ƙwayar a kwance, to, a kaikaice ta iso. Amma in ramukan duk zagayayyu ne, warwatsewa kawai suka yi, sai a bar murɗi a nemi laifin a wani wuri: ko kusoshin madubin saiti sun kwance, ko bututun bai zauna daidai a kan kotarsa ba, ko hannun mai harbin ne.

In an tabbata alkafura ce, mataki na biyu shi ne a auna murɗin, kada a dogara da abin da aka ji. Bayan an tabbata babu harsashi a ciki, sai a ɗaura ƙyalle a kan sandar goge bututu yadda zai kama tsagogin sosai, a yi wa sandar alama, a riƙa tura ta a hankali tana juyawa da kanta. In alamar ta zagayo inda ta fara, nisan da sandar ta shiga shi ne ma'aunin murɗin. Sa'an nan a auna tsawon ƙwayar a yi lissafi. Gwaji mafi sauƙi kuwa shi ne a harba gajeriyar ƙwaya mai kauri ɗaya. In ramukan suka koma zagayayyu, an kama ɓarawo.

In gajeriyar ma ta yi alkafura, sai a duba bututun kansa. Tsagogi kan cinye saboda yawan harbi ko tsatsa, ko su cushe da dalma da jan ƙarfe har su kasa cizon harsashi. Leɓen bakin bindiga in ya sami kumburi ko ɓantara, hayaƙin albarushi zai fita ta gefe ɗaya ya hankaɗe gindin harsashin. Haka kuma ƙwayar da ta yi wa ramin ƙanƙanta ba za ta kama murɗi ba. Ga misali, tsohuwar bindigar nan ta Ingila mai lamba .303, wadda 'yan sandan Nijeriya suka daɗe suna riƙewa, ƙwayarta ta kai inci 0.311, ta 7.62 irin ta NATO kuwa 0.308 ce. A ido ɗaya su ke, a cikin bututu kuwa ba ɗaya ba ne.

Wajibi ne kuma a lura da nisan da abin ke faruwa. Gudun harsashi na gaba ya fi juyawarsa saurin raguwa, saboda haka wanda ya bar baki da isasshen juyi yakan ƙara natsuwa ne a hanya. In ramuka suna da kyau a kusa da tsaka-tsaki, sai can nesa ƙwarai suka lalace, galibi harsashin ya sauko ne kusa da gudun sauti, wajen mita 340 a daƙiƙa, inda iska ke rikicewa a kewayensa.

ZAƁEN DA YA DACE

Cikin 2005 wani masani Ba'amurke, Don Miller, ya fito da ƙa'idar da ta fi ta Greenhill dacewa da harsasan zamani, domin tana haɗawa da nauyi da gudu da zafin iska da tudun wuri. Amsarta lamba ce guda. In ba ta kai 1.0 ba, harsashin zai yi alkafura. Tsakanin 1.0 da wajen 1.4 bakin gaɓa ne, irin inda AR-15 ta farko ta tsaya. Abin da masana ke so shi ne 1.5 ko sama kaɗan, kuma a yi lissafin da ƙwaya mafi tsawo da za a taɓa harbawa, a wuri mafi sanyi kuma mafi kusa da teku da za a je. Dalili kuwa, iskar kan tudu ba ta kai ta bakin teku kauri ba. Bindigar da ke bakin gaɓa tana iya yin kirki a tsaunukan Jos ta ba da kunya a Ikko.

Irin ƙarfen ma yana da tasiri. Tun daga 2019 jihar Kalifoniya ta hana farauta da harsashin dalma baki ɗaya, maharba suka koma na jan ƙarfe zalla. Da ya ke jan ƙarfe bai kai dalma nauyi ba, ƙwaya mai nauyi ɗaya takan fi tsawo, tsofaffin bindigogi masu lallausan murɗi kuwa ba dukansu ke riƙe ta ba.

Wuce gona da iri shi ma yana da nasa sakamako. Ƙaramar ƙwaya mai siririn ɓawo, in juyinta ya kai wajen sau 300,000 a minti, tana iya tarwatsewa a iska tun ba ta isa ba, sai dai a ga ɗan hayaƙi toka-toka. Kuma in ƙwayar tana da ɗan karkacewar nauyi daga masana'anta, tsananin juyi yakan ƙara fito da aibin. Daidai ruwa daidai tsaki, in ji masu iya magana.

Abin da tarihin M16 ya koya wa masu sayen makamai shi ne, lambar da aka rubuta a jikin akwatin harsashi ba ta isa shaida ba. Harsasai biyu suna iya zama masu suna 5.56, su shiga bindiga ɗaya, ɗaya ya sami abin da aka auna, ɗaya ya bi iska. Duk rundunar da ta tara bindigogi na zamani dabam-dabam, ta kuma sayo harsasai daga ƙasashe dabam-dabam, tilas ne wani a cikinta ya san murɗin kowane bututu da tsawon kowace ƙwaya, ya kuma gwada su a kan takarda tun kafin a miƙa su ga wanda ransa zai dogara da su.